Tayar Babur Tana Tsufa Ko Ba A Hau Ba

 Yau za mu bar kicin da ɗakin magani, mu leƙa soro inda maigida yake jingine babur. Kada ka ce me ya haɗa shafin lafiya da aikin masu faci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya yana kashe mutum kusan miliyan 1.19 a duk shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa daga shekara 5 zuwa 29. A garinmu Suleja kuwa, abin hawan da ya fi ɗaukar masu waɗannan shekarun shi ne babur. Shi ke kai su makaranta da safe, shi ke kai su Islamiyya da yamma, shi ke kai uwarsu awo.

Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, magidanta da yawa suka rufe mota da tamfol suka koma neman mai ƙafa biyu. Suleja gari ne na ma'aikata, a kwana a nan a yi aiki a Abuja, ga kai yara makaranta, ga zirga-zirgar Madalla da Zuba da Gauraka. Sabon babur kuma ya yi tsadar da ba kowa ke iya tunkararsa ba, sai aka koma na hannu. To a cikin na hannu akwai wanda kowa ke fatan ya dace da shi, wato ajiyayye. Alhaji ya saya wa ɗansa, yaron ya tafi karatu, aka tura shi ɗaki. Ko ma'aikaci ya karɓa bashi a wurin aiki bai saba hawa ba. Ko na rabon 'yan siyasa ne, ko na gado da aka daɗe ba a raba ba. Ka je ka gan shi, fenti yana ƙyalli, ledar kujera ba a ɓare ba, mita tana nuna kilomita dubu biyu ko uku. Ka sunkuya ka duba taya, zanenta cif, har 'yan gashin nan na sabunta ba su kakkaɓe ba. Dillali ya ce maka, “Yallaɓai wannan ai sabo ne, sai dai ka zuba mai.”

Game da inji, wataƙila gaskiya ya faɗa. Game da taya kuwa ba haka ba ne. Taya tana da tsufa iri biyu. Akwai na tafiya, wanda kowa ya sani, zane ya cinye ta suɗe. Akwai kuma na kwanaki, wanda yake cinta ko tana tafiya ko tana jingine, kuma mita ba ta ƙirga shi.

Uwargida ta fi kowa sanin wannan. Ɗauki wandon yaro sabo mai roba a ƙugu, ki sa a akwati ki manta da shi shekara huɗu, ran da kika ɗauko kika ja robar sai ki ji tana ƙaras-ƙaras, ta saki ba ta koma ba. Haka robar ɗaure kuɗi da aka bari a durowa, da an ja ta sai ta tsinke. Ba wanda ya yi amfani da su, iska ce da zafi suka cinye su. Iskar oksijin da muke shaƙa tana ratsa roba sannu a hankali tana sauya ta, mai laushi ta koma mai tauri, mai miƙewa ta koma mai tsagewa. Taya tana shan wannan ta waje, tana kuma sha ta ciki, domin iskar da aka ɗura mata ma da oksijin a cikinta. Zafi kuma shi ke hanzarta aikin. Hukumar da ke kula da lafiyar ababen hawa a Amurka, da ta tashi nazarin tsufan taya, birnin Finiks na jihar Arizona ta je ta tattaro tayoyi, saboda nan ne zafi ya fi tsanani, kuma binciken ya nuna taya ta fi saurin lalacewa a ƙasa mai zafi. Mu nan a watan Maris zafi yakan haura digiri 35 a inuwa, balle a ɗakin ajiya mai rufin kwano da ba taga, balle a kan kwalta da tsakar rana.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne, ajiyar ma tana ƙara wa taya lahani. Masu ƙera taya suna cuɗa wasu sinadarai masu kama da kaki a cikin robar domin su kare ta daga tsagewa. Idan taya tana juyawa tana lanƙwasa tana ɗumi, sinadaran suna tsattsafowa saman fatarta suna sabunta kariyar. Idan ta zauna wuri guda shekara da shekaru, na saman ya ƙare, na ciki bai fito ba. Ga shi iska ta sace a hankali, nauyin babur ya danne gefe guda, wurin ya baje, zaren da ke cikin taya ya karye a lanƙwashe. Idan kuma kusa da janareta aka jingine shi, ko shagon walda, tartsatsin lantarki yana haifar da wata iska da ake kira ozon, wadda babu abin da ta ƙware a kai kamar tsaga roba. Haka fetur ko baƙin mai da ya zuba a ƙasa taya ta kwana a ciki. Wato ɗakin da aka ɓoye babur don kada ya tsufa, sau da yawa nan ne tayarsa ta fi tsufa.

Yaya za ka san shekarunta? A rubuce suke a jikinta, mutane ne ba sa dubawa. Samu tsumma ka goge gefen tayar, ka bi rubutun da ke zagaye da ita. Za ka ga haruffa DOT, sai wasu haruffa da lambobi, a ƙarshe kuma lambobi huɗu, yawanci a cikin ɗan zagaye mai kama da ƙwai. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 1419, an yi tayar a mako na 14 na shekarar 2019, wato farkon Afrilu. Idan 3622 ne, mako na 36 na 2022. Idan ba ka gani a gefe ɗaya ba, zagaya ɗaya gefen, don sau da yawa gefe guda ake bugawa. Wannan tsarin lamba huɗu ya fara ne daga shekarar 2000, saboda haka tayar da ka ga lamba uku kacal a kanta ta haura shekara ashirin, sai dai a yi lilo da ita ko a kai wa masu takalmi. Wasu tayoyin ƙananan babura suna da lambobin huɗu ba tare da DOT ba. Wasu masu arha kuma babu komai a jikinsu. A irin wannan sai ka koma ga takardun babur ɗin, rasit ko takardar rajista. Idan tayar da ya zo da ita daga kamfani ce, ba ta gaza shi shekaru ba, ta ma iya girme shi.

Ba na so ka dogara da mita ma tun farko. A baburanmu waya ɗaya ce ke juya ta, tana tsinkewa, ana kuma cire ta da gangan. Amma wannan zancen wata rana ne.

To shekara nawa ne iyaka? A nan baki bai zo ɗaya ba, kuma gara ka ji duka. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta daɗe tana shelar cewa taya tana ƙarewa bayan shekara huɗu daga ranar da aka yi ta. Wasu kamfanonin mota, irin su Ford, suna cewa shekara shida. Kamfanin Michelin kuma yana cewa daga shekara biyar a riƙa kai ta wurin masani yana dubawa duk shekara, in ta kai goma a cire ta ko da kamar sabuwa take. Masu sayar da taya sukan ce huɗun hukuma ta yi tsauri, kuma tayar da aka adana da kyau a wuri mai sanyi tana iya wuce haka lafiya. Ba na musu. Sai dai ka tambayi kanka, tayar babur ɗin da ka saya a wuri mai sanyi ta zauna? Kuma mota ƙafa huɗu gare ta, in ɗaya ta ci amana uku suna nan. Babur biyu ne, kuma abin da ke taɓa ƙasa a kowace ɗaya bai wuce faɗin katin cirar kuɗi ba. A kan wannan ɗan wurin ne kai da matarka da goyonta kuke. Ni a ganina, tayar babur da ta haura shekara biyar a irin zafinmu, kuma za a ɗauki yara a kanta, a canza ta kawai, ko zanenta bai taɓu ba.

Matasan gidanku sun san Paul Walker, ɗan wasan fina-finan tseren mota na Amurka, wanda ya mutu ranar 30 ga Nuwamban 2013 a cikin wata mota ƙirar Porsche da abokinsa ke tuƙawa. Masu bincike sun ce gudu ne musabbabin haɗarin, amma sun kuma rubuta cewa wasu daga cikin tayoyin motar sun haura shekara tara. Mota ce ta masu kuɗi, ajiyayya, ba ta yi wata tafiya mai yawa ba. Ka ga kenan ba talauci kaɗai ke sa a hau tsohuwar taya ba, har da yarda da abin da ido ya gani.

Yawancinmu in an ce taya ta lalace, fashewa muke tunani. Fashewar tana faruwa, amma abin da ya fi yawa a babur shi ne santsi. Roba mai laushi tana shiga ƙananan ramukan kwalta tana kama su, wadda ta yi tauri kuwa sai ta riƙa zamewa a kai kamar ƙasan kwano. A busasshiyar hanya, kana tafiya a hankali, ba za ka ji bambanci ba, shi ya sa mutum zai yi wata uku yana cewa ai lafiyarta ƙalau. Ranar da za ka sani ita ce ranar da yaro ya gilma a gabanka ka damƙe birki, ko ka karya kwana a kan yashi, ko ruwan farko ya sauka. Ruwan farkon damina ya fi kowane haɗari, domin yana taso da man da ya kwanta a kwalta duk rani. Ka tuna irin hanyoyinmu. Suleja gari ne mai tudu da gangare, ga tankokin mai da ke jerin gwano wajen Maje, ga tireloli a hanyar Kaduna da mahaɗar Dikko, kuma inda manyan motoci suke tsayawa ba a rasa gas da baƙin mai a ƙasa. Wanda tayarsa ta zame a cikin unguwa zai tashi da ƙujewa. Wanda ta zame masa a gaban tirela, ba a cika ba da labarin da daɗi ba.

Sannan ga lodi. A gefen kowace taya an rubuta iyakar nauyin da za ta ɗauka, kuma wannan lissafin na sabuwa ce. Mu kuwa mun san yadda ake yi, ɗaya a kan tanki, biyu a tsakiya, uwa a baya da jariri, wani lokacin har da buhun masara. Nauyi yana sa taya ta riƙa lanƙwasa fiye da ƙima, lanƙwasa tana haifar da zafi, zafi kuma shi ke raba tsohuwar roba da zaren cikinta. Ba zan ce maka kada ka ɗauki iyalinka ba, na san halin da ake ciki. Amma in sawu biyu zai yiwu, ka yi sawu biyu.

Bayan lamba, yi amfani da idonka da hannunka. Kai babur ɗin cikin haske, ka ɗaga shi a kan tsayuwar tsakiya, ka juya taya a hankali. Duba gefenta da cikin ramukan zanen, ko akwai ƙananan tsaga kamar faso a diddige. Danna farcenka a kan zanen, roba mai rai tana karɓar farce ta dawo, matacciya kuwa kamar ka danna itace. Duba ko launinta ya koma toka-toka, ko tana wani ƙyalli kamar an shafa mata mai. In ka ga kumburi a gefe, ko ɗan ƙarami ne, wannan zaren ciki ne ya tsinke, kada ka hau ko zuwa wurin mai faci, tura shi. Sai dai ka sani, rashin ganin tsaga ba shaida ba ce, domin wata lalacewar daga ciki take farawa. Kuma dillalai sun iya wanke taya su shafe ta ta yi baƙi wuluk.

In ka tashi saye, nan ma sai ka buɗe ido, don kada ka cire tsohuwa ka sa wadda ta girme ta. Taya tana iya shekara uku a shago tana shan rana a bakin titi, a naɗe da leda, a sayar maka da sunan sabuwa. Karanta lambobin nan huɗu kafin ka biya, kuma ka nemi wadda ba ta wuce shekara ɗaya ko biyu ba. Girmanta ya zama daidai da wadda ka cire, lambobi ne irin su 2.75-17 ko 3.00-18, suna nan a jiki. Ta gaba daban, ta baya daban, kuma mafi yawa suna da kibiya da ke nuna inda za su fuskanta, ka tsaya a kan mai faci ka ga ya bi ta. Tayar tokumbo kuwa, dokar ƙasa ma ta hana shigo da ita, tana cikin jerin kayan da kwastan suka haramta. Wani ne a wata ƙasa ya ga ta ƙare ya yar. Har sababbin ma akwai waɗanda ake cusa wata cikin wata a kwantena don rage kuɗin dako, su fito a lanƙwashe, wayar bakinsu ta karye, abin da hukumar kula da ingancin kaya ta SON ta sha kamawa. Tun da masana'antun Michelin da Dunlop suka daina yin taya a ƙasar nan kusan shekara ashirin da suka wuce, kasuwar ta koma sai abin da aka shigo da shi, mai kyau da marar kyau a rumfa ɗaya. Araha ba ta ado.

Wani wurin da ake yin tsumulmular da ba ta da amfani shi ne tub. A sayi sabuwar taya a mayar da tsohon tub, alhali shi ma roba ne, shekarunsu ɗaya, ya miƙe ya yi sirara, in aka mayar da shi sai ya naɗe a ciki. Taya mai tub kuma ba ta ba da sanarwa, in ya fashe iskar gaba ɗaya take fita, ba kamar marar tub ba da takan sace a hankali. Canza tub, canza robar nan da ke rufe kawunan sifoka a cikin rim, in kuma marar tub ce canza bawul. In rim ya yi tsatsa saboda ajiya, a goge shi. In kuɗinka na guda ɗaya ne a wannan watan, fara da wadda ta fi tsagewa. In sun yi daidai, fara da ta gaba, domin ita ke juya kai, ita ke ɗaukar mafi yawan birki, kuma in ta gaba ta zame babu gyara, sai ƙasa. Amma kada ka ɗauki kowa a baya sai ka canza ɗayar.

Sabuwar taya ma tana da ɗan santsi a kwanakin farko, ka bi ta a hankali kamar kilomita 150 kafin ka saki jiki. Iska kuma a auna ta da geji da safe kafin taya ta yi zafi, ba da ɗan yatsa ko bugun sifana ba. Adadin yana cikin littafin babur, wani lokacin a manne kusa da sarƙa.

Idan tsautsayi ya sa taya ta fashe kana tafiya, hannu da ƙafa za su so su kai wa birki cafka, kuma nan ne ake faɗuwa. Ka tuna rasuwar ƙaramin ministan ƙwadago James Ocholi tare da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja ranar 6 ga Maris 2016. Rahoton hukumar kiyaye haɗurra ya ambaci gudu, da fashewar tayar baya, da taka birki da ƙarfi bayan fashewar. Mota kenan mai ƙafa huɗu. A babur, riƙe kai gam, ka sassauta mai a hankali, ka miƙe hanya, sai gudu ya ragu sannan ka taɓa birkin ƙafar da ba ta fashe ba, kaɗan-kaɗan, ka gangara gefe.

Ke kuma uwargida, wannan magana ba ta maza kaɗai ba ce. Ke da 'ya'yanki ne a bayan babur ɗin. Karanta lamba huɗu ba ya buƙatar bakanike, gobe da safe kafin maigida ya fito ki duba. In ta tsufa, ki gaya masa da lafazi mai daɗi, kin fi ni sanin lokacin da yake sauraro. In ya ce babu kuɗi, ba ƙarya yake ba, amma ku zauna ku auna kuɗin taya biyu da kuɗin hoton ƙashi, da na aiki, da watannin da mai karaya a ƙwauri yake yi bai fita nema ba. Kwasar adashe ɗaya tana iya rufe wannan. Haka in ɗan acaɓa kika ɗauka wa yara na wata-wata, kina da haƙƙin ki dubi tayarsa kafin ki damƙa masa su. Hular kwano kuma, na san ana jin nauyinta, ana cewa zafi, amma ita ce tsakanin ƙoƙon kai da kwalta.

In kuwa an riga an faɗi, kada a ce tunda yaro ya tashi da ƙafarsa shi kenan. Wanda ya bugu a kai a sa masa ido kwana ɗaya zuwa biyu. In yana amai, ko barci yana rinjayarsa ba a iya tashinsa da sauƙi, ko ciwon kai yana ƙaruwa, ko maganarsa ta rikice, ko ya yi jijjiga, ko jini ko wani ruwa yana fita ta kunne ko hanci, a tafi Babban Asibitin Suleja nan take, ko na koyarwa da ke Gwagwalada, kada a jira gari ya waye. Wanda ke kukan wuya ko baya kada a ciccibe shi a ɗora a wani babur, a kira hukumar kiyaye haɗurra a lamba 122. Karayar da ƙashi ya huda fata ta asibiti ce, ba ta mai ɗori ba. Wadda aka kai ɗori ma, in yatsu suka kumbura, suka yi sanyi ko suka sauya launi, ɗaurin ya toshe jini, a kwance a nufi asibiti a ranar, domin ta haka yara da dama suka rasa hannu.

Wanda kuma bai riga ya saya ba, yana cikin ciniki, ga abin da zai yi. Ka tsuguna a gaban dillali ka karanta masa lambar da ƙarfi, ka ƙirga shekarun da yatsunka yana gani, sannan ka ce a cire maka kuɗin taya biyu da tub biyu daga farashin. Daga wurin cinikin kuma kada ka wuce gida nuna wa yara, don ka san sai sun ce a zaga da su. Fara biyawa ta wurin mai taya.